Magulmatan Kwarin Ɗinya

Mahaifinmu Hammawa, wanda muke kira Bappa, 'ya'yansa shida, amma idan bakinsa za ka bi sai ka rantse biyar ne. Ni Nuriyya, auta, sunana ba ya hutawa a bakinsa tun daga asuba: Nuriyya kawo buta, Nuriyya wa ya taɓa mini rediyo, Nuriyya ke dai Allah ya shirye ki. Na yi aure, auren ya ƙi, na dawo gida ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu a nan yankin Tudun Kaya, har yau bai gaji da sunan ba. Shi kuwa babban wanmu, Yaya Abdulmutalib, ya haura arba'in, ga gemu ga furfura tsilli-tsilli, ga mata ga 'ya'ya, amma bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba. Ɗan fari ne, sannan aka sa masa sunan kakanmu, mahaifin Bappa. Kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya, ga kuma Fillanci a kai.

A wurin Bappa, Yaya "wancan" ne. Ran da aka tashi da fara'a ya zama "mutumin nan". Sai Yaya ya zo gaisuwar safe ya tsuguna a gabansa, Bappa ya ɗaga kai ya dubi darbejiyar ƙofar gida ya ce, "Nuriyya, ki gaya wa wancan katangar baya ta fara tsagewa." In juya in ce, "Yaya, an ce katanga ta tsage." Yaya ya ce, "Ki ce an ji." In sake juyawa in ce, "Bappa, an ce an ji." Haka na tashi ina tafinta tsakanin mutum biyu da kowannensu yake jin Hausa da Fillanci sarai.

Mutane suna cewa al'ada ce mai kyau. Ni haushi take ba ni, ban kuma taɓa ɓoyewa ba. Ranar da Inna, mahaifiyarmu, za ta rasu ta kira mu ɗaya bayan ɗaya da sunayenmu tana sa mana albarka, da ta zo kansa sai ta ce, "A ce wa wancan ya matso." Ya matso, ta dafa kansa, shi ke nan. Yaya bai taɓa tayar da maganar ba. Idan na tayar sai ya ce ni dai bakina ba ya gajiya, shi suna ba ya ci masa tuwo.

Gidanmu a kan gaɓa yake, ƙarƙashinsa Kwarin Ɗinya, wanda ya taso tun daga gonakin gefen Rogo ya ratso ta bayanmu. Yawancin shekara a bushe yake, yashi fari tas irin wanda magina a Karaye suke rububi. Da damina kuwa ba shi da amana ko kaɗan. Sai a sheƙa ruwa can sama, mu nan rana tana ƙwallewa, kawai ka ji ruri. Kuma ba ruwa zalla yake kawowa ba. Taɓo ne mai kauri kamar kunun tsamiya, ya kwaso ƙasar gonakin da ya zaizaye, da kututture, da duwatsu, wata shekarar har da rumbun wani bawan Allah da dawarsa a ciki. Ya ci jakuna, ya ci shanu, ya taɓa cin wata mai tallan nono da ƙwaryarta.

A cikin wannan kwarin Yaya yake neman abinci. Yana da wata tsohuwar tifa da yake jigilar yashi da ita, 'yan lodi suka sa mata suna Gwaggo, saboda ba ta tashi sai an lallashe ta, idan ta tashi kuma ba ta daina mita. Tun daga nesa ake jin dawowarta da yamma. Na daɗe da lura Bappa ba ya taɓa tuwonsa sai ya ji wannan ƙarar. Da ta shigo unguwa sai ya ja tsaki ya ce, "Wannan mota ta cika wa mutane kunne," sannan ya wanke hannu.

Bara gab da faɗuwar damina aka kawo mana na'urorin. Wata injiniya ce ta zo da su daga wata jami'a a Kano, sunanta Rumasa'u, gajeriya, da hijabinta da takalmin roba har gwiwa, tana hawa tsani tana ba maza umarni, dattawan garinmu suna kallo baki sake. Sandunan ƙarfe biyar ta kafa a bakin kwarin, ta farko can cikin ƙasar Rogo, ta ƙarshe a garinmu. Kowacce da farantin sola a ka, da ido mai kallon tsayin ruwa, da wani kunne da aka binne a ƙasa yana sauraren girgiza. Ta tara dattawa a gindin tsamiyar masallaci ta yi musu bayani.

"Iyayena, ta farko idan ta ga ruwa ya taso, ko ta ji ƙasa tana rawa, sai ta raɗa wa ta biyu. Ta biyu ta gaya wa ta uku. Ba waya a tsakaninsu, ta iska suke yi. Haka har magana ta iso nan, jiniya ta yi kuka, kowa ya fita daga kwari."

Liman ya shafa gemu ya ce, "Au, gulma ke nan. Ai da kin tambaya, muna da masu yin wannan aikin kyauta."

Daga ranar sunansu ya zama Magulmata.

Sanda ta biyar ita ce mai jiniya da lasifika, da abin magana a cikin ɗan akwati. Mai unguwa ya so a kafa ta a ƙofar gidansa, don ya ga abin zai yi kyau a hoto, amma gidansa yana bayan tudu, ko kwarin ba a hangowa. Ana cikin ja-in-ja sai Bappa, mutumin da ko allurar shanu sai an kwana ana roƙonsa, ya ce a kafa ta a ƙofar gidanmu. Kowa ya juyo. Ya ce, "Saboda shanu." Shanunmu kuwa da damina ko leƙa kwarin ba sa yi, kowa kuma ya sani.

Injiniya ta ba shi wata ƙaramar waya da saƙon sandunan zai riƙa shigowa, ni ce mai karantawa tunda Bappa bai yi boko ba. Sannan ta tsuguna ta ce, "Baba, akwai naku da yake aiki a cikin kwarin?"

"Akwai wani."

"Sunansa fa?"

Bappa ya dubi darbejiya. Ya dubi sama. Ya ce, "Nuriyya, kawo wa baƙuwa nono."

Bakanuwa ce, nan take ta gane, ta sunkuyar da kai tana danne dariya ta ce a yi mata afuwa.

Kukan jiniya na farko ya faɗo ranar ɗaurin auren 'yar mai unguwa. Liman ya ɗaga hannu ke nan za a shafa fatiha abin ya kurma ihu. Masallacin nan a kan tudu yake, ko ruwan ɗufana sai ya yi da gaske kafin ya kai can, amma jama'a suka watse. Goro da alawa suka tarwatse, waliyyin ango ya tsallake katanga da babbar riga, liman da kansa aka hango shi rawani a hannu yana ba matasa rata. Da ƙura ta lafa aka bi sandunan ɗaya bayan ɗaya. A gindin ta huɗu aka tarar da bajimin Bappa yana susar wuya, ya lumshe ido don daɗi.

Na biyu wani ne ya ɗaure jakinsa a jikin ta uku, jakin ya hango jaka. Na uku kuwa matan wata ruga ne can sama suka ga wuri share fes a gindin ta biyu, suka kafa turmi suka hau dakan gero har da luguden taɓare. Kunnen da ke ƙasa ya ji duniya tana girgiza ya kai rahoto, ni kuma kowane karo sai in fizgi abin magana ina ihu a fito a fito. Kafin damina ta raba, an gama da Magulmata. 'Yan yashi har rawa suka ƙirƙiro wa jiniyar, shugabansu Ƙasimu, aminin Yaya, shi ne gwanin taka ta da shebur a kafaɗa.

Injiniya Rumasa'u ta dawo, ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta ce laifinta ne, ta saita su da saurin baki. Ta kewaye kowace sanda da waya mai ƙaya, ta gyara yadda jiniya ba za ta yi kuka ba sai sanduna biyu sun yi shaida. Kafin ta tafi ta zaunar da ni da Bappa.

"Idan ɗaya ce ta yi magana, wataƙila sa ne. Idan suka yi a jere daga sama zuwa ƙasa, ruwa ne. Idan kuma ta farko ta yi magana sannan ta yi shiru, to ya cinye ta. Kada wanda ya tsaya neman takalmi."

Na gaya wa 'yan yashi haka. Ƙasimu ya ce, "To Malama, mun ji, a gai da bajimi." Bappa kuwa kullum da safe sai ya kife turmi ya taka, ya goge farantin solar nan da jelar rawaninsa, rawanin da ko ni ban isa in taɓa ba. Idan na kalle shi sai ya ce ƙura tana ɓata masa ƙofar gida.

Ranar da abin ya faru Asabar ce, babu makaranta, cikin watan da dawa take fitar da kai. Bayan azahar ne, rana tsaka, sama wasai. Yaya ya shiga da Gwaggo har tsakiyar kwari inda yashi ya fi kyau, aka yi mata lodin rashin imani, da ta zo fita ƙafafunta suka nutse. Daga ƙofar gida ina hango su ƙanana can ƙasa, mutum goma sha wani abu suna tona gindin tayoyi suna cusa itace, Yaya yana ciki yana taka totur, baƙin hayaƙi yana tashi. Bappa yana gindin darbejiya yana tufkar igiya, ya juya wa kwarin baya, yadda ya saba idan yana so ya nuna ba ya kallo.

Wayar ta yi ƙara. Na duba na ce, "Ta ɗaya ce. Wani ya samu wurin susa."

Bappa bai ɗago ba. Ban kai ga ajiye ta ba ta sake yin ƙara, jiniya kuma ta ɓarke a kanmu. Ta biyu. Na ɗaga ido wajen Rogo, sai a lokacin na ga wani baƙin hadari ya kwanta can ƙasa-ƙasa a bayan itatuwa, bai yi kama da mai zuwa wajenmu ba, nasa aikin ya riga ya gama a can. Ta uku ta shigo. Sannan wani saƙo daban, gajere.

"Me ta ce?" in ji Bappa.

"Ta ɗaya ta daina magana."

Na fizgi abin magana, idan an danna shi jiniya takan yi shiru, na kwarara ihu: "Ku fito! Wallahi ruwa ne! Yaya! Ƙasimu! Ku fito!" Suka ɗago. Ina gani Ƙasimu ya saɓa shebur ya fara taka rawarsa, biyu suka bi shi. Wani ya haɗa hannu a baki ya ƙwalo mini wani abu, ban ji ba, amma na san gaisuwar bajimi ce. Na zage su, zagin da malamar makaranta ba ta yi, ta lasifika, garin duka yana ji. Suka ƙara dariya. Na kira wayar Yaya tana ta ringin ba a ɗauka, ina zai ji waya a cikin wannan rurin na Gwaggo. In sauka da ƙafa kuwa, gaɓar nan a tsaye take, hanyar sauka sai an zagaya ta bayan gonar liman. Kafin in kai, sai dai a haɗa da ni.

Sai na ji an karɓe abin maganar daga hannuna. Bappa ne. Bai taɓa riƙe shi ba, ya kama shi da yatsu biyu kamar an miƙo masa garwashi. Ya yi gyaran murya.

"Assalamu alaikum, jama'a."

Na ce, "Bappa, don girman Allah!"

Daga ƙasa suka amsa masa da ladabi, har da masu rusunawa. Ya ce, "Ku fito daga nan. Ku ce wa wancan ya fito." Suka ɗaga masa hannu alamar an ji, an gode, suka koma tonon taya. A ganinsu 'yarsa ce ta tayar masa da hankali, tsoho kuma ya fito ya sauke nauyi. Wayar ta sake ƙara a hannuna. Ta biyu ta yi shiru. Ta huɗu, wadda take bayan gonakinmu kaɗan, ta fara magana.

Na karanta masa. Ya dube ni, ban taɓa ganin idonsa haka ba. Ya ce, "Kira shi."

"Na kira, Bappa. Ni ba sa ji na."

Ya juya ya fuskanci kwarin sosai. Leɓensa yana motsi ba abin da yake fita. Don haushi da tsoro na ji kamar in kama tsohon nan in girgiza shi. Sai ya kai abin bakinsa.

"Abdulmutalib!"

Bai gutsure ko harafi ɗaya ba. Duk garin Mutallab ake cewa, shi kuwa ya fito da shi cikakke, yadda liman yake faɗa ranar suna. Lasifika ta ɗauka ta watsa har ƙetaren kwari. Ya sake kira, wannan karon muryar ta tsage a tsakiya, sauran maganar ta fito da Fillanci, fito, fito ka bar ta.

A cikin gidanmu matar Yaya tana daka, na ji taɓarya ta tsaya cak. Can ƙasa sheburan suka zube. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya dubi ɗan'uwansa. Ƙasimu ya gaya mini daga baya: "Malama, da na ji sunan nan a bakin Bappa, na ce ɗayan biyu ne, ko tsoho ya zare ko tashin duniya ya zo. Kowanne ne dai gudu ya kama." Suka ranta a na kare. Ƙasimu ya yi tsalle ya fizge ƙofar Gwaggo, ya cafko Yaya ta wuyan riga ya jawo shi ƙasa. Ina hango Yaya yana turjewa yana nuna motarsa, har ya kai wa Ƙasimu naushi, wani ƙato a cikin 'yan lodi ya dawo suka haɗu suka ja shi. Suka kama saiwoyin gaɓa suna hawa da hannu da gwiwa. A lokacin ne muka ji rurin.

Na sha jin labarinsa, ban taɓa ganin goshinsa da idona ba sai ranar. Ya karyo kwanar gonar liman jajir, yana tafe da kututturen wata ɗorawa a gaba, duwatsu suna gwaruwa a cikinsa, ƙasa tana rawa har ƙarƙashin ƙafata. Ya iske Gwaggo injinta bai mutu ba, tana ta mitarta. Ya ɗaga ta da lodinta, ya juya ta gefe, ya kwantar, ya bi ta kai. Na ƙarshen 'yan lodi ya hau gaɓa taɓo yana lasar dugadugansa, ba takalmi, wandonsa ma a hannun wata saiwa ya bar shi. Na ƙirga kawuna na sake ƙirgawa. Babu wanda ya rage a ƙasa.

Na juyo in rungume Bappa, abin da ban taɓa yi ba. Kafin in kai ya miƙo mini abin magana ya koma gindin darbejiya ya ɗauki igiyarsa. Can sai ga Yaya ya zagayo, taɓo har gira, hannu duk ya kuje, ya tsuguna nesa kaɗan yana haki. Na ce a raina yau dai za a yi ta. Bappa ya ɗaga kai ya dubi ganyen darbejiya.

"Nuriyya, ki ce a ɗora wa wancan ruwan zafi."

Wallahi da ba ubana ba ne da na faɗi magana. Sai dai na ga igiyar tana zamewa daga hannunsa, ya kama ta zame, ya kama ta zame, don haka na haɗiye na shiga gida.

Kafin ranar kasuwar Karaye labari ya gama ko'ina, kuma ba labarin ruwa ba. Ruwa ai kowace shekara yana zuwa. Abin da ake ta yi da shi a rumfar masu shayi da tashar babura shi ne Hammawa ya kira sunan ɗan farinsa a lasifika. Tsofaffin abokansa suka riƙa zuwa takanas suna tsugunawa: "Barka da arziki, Hammawa. Ya maƙogwaro?" Shi kuwa ya sha mur ya ce bai san zancen ba. "Na'urar ce. Ba ku kuka ce magulmaciya ce ba?" Mai unguwa ya tara jama'a ya yi jawabi cewa shi tun ranar farko ya yarda da Magulmata. Liman ya saka su a huɗuba. Wanda ya ɗaure jaki ya zo da kansa yana neman a ba shi gadin sanda ta uku.

Injiniya Rumasa'u ta zo ta maye sanduna biyun da ruwa ya tafi da su. Da ta ji yadda aka yi sai ta share ido da gefen hijabi ta tsuguna gaban Bappa. "Baba, jiniyar nan tawa ba ta da kwarjini. Ko za ku yarda in naɗi muryarku in sa a madadinta?"

Bappa ya ce, "Nuriyya, kawo wa baƙuwa nono."

Ni duk a cikin wannan shagali ban lura da Yaya ba. Na ɗauka jimamin Gwaggo ne ya sa ya yi sanyi, don ko da ruwa ya janye, gefen bodinta kawai ake gani a cikin busasshen taɓo, yara suna hawa suna tsalle. Ya samu tuƙi a motar wani, yana fita yana dawowa shiru. Bappa kuma tuwonsa ya riƙa hucewa, tunda babu ƙarar da zai yi wa tsaki, sai na leƙo na ce wa iska, "An dawo," sannan ya wanke hannu.

Wata rana bayan la'asar ina tsakar gida a jikin katangar zaure ina gyaran zogale, Yaya ya shigo ya jawo kujerar tsuguno ya zauna kusa da ni. Ya ɗauki reshe ɗaya yana tsinka, aikin da bai taɓa yi ba.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Kowa ya ji. Matata ta ji. 'Ya'yana sun ji. Tsohon nan maƙwabcinmu da sai an yi masa ihu a kunne, shi ma ya ce ya ji." Ya jefar da reshen. "Ni ina can ina fama da totur."

Sai a lokacin na gane. Gilas a rufe, inji yana ruri a ƙarƙashinsa. Mutum ɗaya aka kira a duk faɗin garin, shi kaɗai ne kuma bai ji ba. Tausayinsa ya kama ni har na kasa dubansa.

"Ke da kike kwaikwayon kowa," in ji shi, yana kallon ƙasa. Gaskiya ne, tun ina yarinya nake yin muryar liman da ta mai unguwa, har tarin Bappa ina yi a biki mata su yi ta faɗuwa. "Yi mini yadda ya yi."

Na ce, "Kai da ka ce suna ba ya ci maka tuwo?"

"Yi mini dai."

Na ajiye faranti. Na gyara murya, na kumbura wuya, na ja shi da kauri yadda zan iya: "Abdulmutaaalib!" Ko a kunnena bai yi ba. Ya fito kamar mai tallan maganin gargajiya a kasuwa. Yaya ya girgiza kai a hankali ya ce ba haka ba ne. Na ce ya aka yi ya sani, tunda bai ji ba. Ya ce shi dai ya san ba haka ba ne.

Sai muka ji gyaran murya daga bayan katanga. Ashe Bappa yana cikin zaure tun ɗazu, muna jin ƙarar carbinsa ma ba mu kula ba.

"Nuriyya."

"Na'am, Bappa."

"Ke komai sai kin ƙara masa gishiri. Ban ja shi haka ba." Carbin ya tsaya. "Kuma sau biyu na faɗa. Ki gaya wa wancan."

Yaya ya fara dariya, kafaɗunsa suna rawa, ya kife fuskarsa a tafin hannu. Dariyar ta daɗe fiye da yadda dariya take daɗewa, na ga ruwa yana bin tsakanin yatsunsa yana sauka a gemu. Na jira shi. Da ya samu murya ya goge fuska da hannun riga, bai ɗago ba.

"Ki ce an ji."

Na juya wajen katanga na ce, "Bappa, an ce an ji."